Taku Arba'in Daga Kabarin Nomau

Na bar taubashina da haƙora huɗu a ƙasar Bangi. Shi na binne shi da hannuna. Haƙoran ban tsaya nema ba.

Sunansa Nomau, ɗan kawuna ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka bai taɓa kirana Ma'azu ba, sai “bawa”. Ni kuma ina ce masa “tsoho”. Daga Yekuwa ta ƙasar Damagaram muka fita, shekarar da gero ya bushe a tsaye, don an ce mana can ana tonon lu'ulu'u kamar yadda muke tonon gujiya.

Tun a hanya na gane irin kayan da na ɗauko. A gida Nomau mai baki ne, in ya zauna gindin itacen bedi ba mai kayar da shi a gardama. Amma da zarar ya ga kaki, sai kansa ya zama wofi. A shingen farko bayan mun shiga Kamaru, jandarma ya tambaye shi sunansa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya dube ni, ya ce, “Ma'azu.” Muka zama Ma'azu biyu, takardar mutum ɗaya kuma ta ce Nomau. Yini guda muka yi zaune a rana, motarmu ta tafi ta bar mu.

A Garwa-Bulai wani Bahaushe mai farar riga ya tare mu da fara'a, ya saya mana shayi, ya ce ba a tono sai da takardar izini, shi kuwa yana da hanya. Ya kawo mana takarda mai hatimi har biyu. Ni ban yi lakwal ba balle in karanta boko, Nomau ma haka. Muka biya, muka yi godiya, muka naɗe ta cikin leda. A shingen gaba jandarma ya karanta, ya kira abokinsa, suka yi ta dariya har ɗayan ya zauna a ƙasa. Ashe takardar rigakafin shanu ce. Ya sa aka tambaye mu wane ne san da aka yi wa allurar a cikinmu. Nomau ya ɗaga hannu ya ce, “Ni ne, ranka ya daɗe.”

Daga ranar na ce masa, “Tsoho, in an yi tambaya ka yi shiru, ni zan amsa.” Haka muka yi har muka isa. Ni ke faɗin sunansa, da garinsu, da sunan ubansa, shi kuma yana gyaɗa kai kamar yau ya fara ji.

Garin da muka sauka yana yammacin ƙasar Bangi, cikin kurmi, bakin wani kogi. Shekara uku muka yi. Ni ina cikin rami ina fid da tsakuwa ina wankewa. Dutse mafi girma da na samu bai fi ƙwayar dawa ba, shi ma mai ramin ya ce kwalba ce, ya sa a aljihu. Nomau ba ƙarfin tono, sai ya kafa teburin shayi. Abincinsu tuwon rogo ne, in ka haɗiya sai ka ji ya tsaya a ƙirji yana shawara. Ba gero ko na magani. Akwai ranar da Nomau ya ga ƙwayar gero ɗaya maƙale a ɗinkin tsohon buhu, ya kira ni daga bakin kogi don in zo in gani. Muka gani, ya mayar da ita aljihu.

Sai ƙasar ta lalace. Da farko wasu masu bindiga suka gangaro daga arewa, suna kiran kansu Musulmi, suka yi wa mutanen ƙasar ɓarna mai yawa. Ban taɓa ganin ɗayansu a sahun salla ba. Da suka gudu, ramuwa ta faɗo kanmu. Samarin gari suka ɗaura layu, suka ɗauki adduna. Ba ruwansu da abin da ka yi ko ba ka yi ba. Sunanka suke tambaya, su duba goshinka. Wasu cikinsu kullum a teburin Nomau suke karyawa. Suka kwashe kwanon masallaci, suka rubuta zagi a bango. Na ga abubuwa a hanyar kasuwa, ba zan faɗe su ba.

Wata mata mai sayar da rogo kusa da teburinmu, Kirista ce, muna ce mata Mama, ita ta tura mu ƙarƙashin buhunanta, ta zauna a kai tana ciniki har suka wuce. Nauyinta ya kusa yin aikin da adda ba ta yi ba. Sannan ta raka mu gidan coci.

Limamin cocin, Mompera suke ce masa, siriri ne, madubin idonsa ɗaure da zare. Ƙabilarsu ɗaya da masu addunan. Shi ya buɗe mana ƙofa, ya tsaya a bakinta. Sun zo da man fetur sun ce za su ƙone gidan da mu. Ya ce su fara da shi. Daga baya aka kawo wasu sojojin waje 'yan kaɗan suka zauna a ƙofar. Mun yi yawa a ciki, Hausawa da Fulani da mutanen Cadi, har cikin ɗakin ibadarsu ana kwana. Gidan kuwa ƙarami, da katanga kewaye. In ka leƙa waje ka mutu.

A wata na biyu zawo ya kama Nomau. Ya rame har na iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Wata rana da hantsi yana kwance a baranda ya ce, “Bawa.”

“Na'am, tsoho.”

“Tafiya ta zo.”

“Ina za ka? Ƙofa a rufe take.”

“Mai zuwa ɗaukata ba ta ƙofa yake bi ba. Zauna. Ba mutuwar nake tsoro ba, tambayar nake tsoro. Jandarma mai tumbi da biro a aljihu ya sa na ce ni sa ne. To ina ga Munkari da Nakiri, murya kamar tsawa, ga gudumar ƙarfe a hannu?”

Na ce, “Tambaya uku ce fa. Wane ne Ubangijinka, mene ne addininka, wane ne Annabinka. Ka san amsa tun kana yawo ba wando.”

“Sunana ma ai na sani.”



Ya ce, “Ka san yadda yake a gida. Ba sa zuwa sai na ƙarshen masu rakiya ya yi taku arba'in daga kabari. Kai za ka zama na ƙarshe. In ka cika arba'in, ka juyo ka faɗa mini amsa. Da Hausa, kada ka yi mini Larabcin da ba ka iya ba. Kuma da ƙarfi.”

“Matacce ai yana jin ko takun takalmi.”

“Mataccen da ke da kunne. Ni na hagu ya mutu tun ina saurayi. Na dama ke aiki, kuma a kan dama za ku kwantar da ni. Mai kyan yana ƙasa, mataccen yana sama. Na yi wannan lissafin kwana uku.”

“In na ƙi fa?”

“Bawa ba ya ƙi. Ce wallahi.”

Na ce wallahi. Bayan kwana biyu, ana gama azahar, ya cika.

Maƙabartar Musulmi tana hayin kogi, ba mai iya kai gawa can ya dawo. Mompera ya ba mu wuri bayan madafa, tsakanin itacen gwanda biyu. Likkafani babu, sai ya ɗauko farin zanen teburin ibadarsu. Mai ja mana salla a gidan, Malam Hamadu, mutumin Marwa ne mai sayar da yadi, ya juya zanen ya ce yadin mai kyau ne, amma a warware gicciyen da aka ɗinka a gefe. Mata suka warware. Itacen rufi kuma bencin 'yan makarantar coci muka fasa. Aka yi salla, aka sa shi, aka mayar da ƙasa. Malam Hamadu ya durƙusa ya yi masa talƙini da Larabci, ya shafa, ya ce an gama.

Na ce, “Ba a gama ba, Malam. Ba su zo ba tukuna.”

“Su wa?”

Na yi masa bayani. Ya ce su a Marwa taku bakwai suka sani. Wani dattijon Bafillace ya ce su a wajensu da an juya baya shi ke nan. Wani mutumin Cadi ya ce saba'in ne. Na ce kowa ya riƙe nasa, Nomau mutumin Yekuwa ne, da arba'in ya kwanta.

Na jira kowa ya watse, na tsaya a kan kabarin, na fara ƙirga. Na nufi ƙofar gida. Talatin da ɗaya, goshina ya taɓa ƙarfen ƙofa. Na koma, na nufi kusurwar da ta fi nisa, wajen masai. Talatin da shida, na ci karo da katanga. Na gwada kowane gefe. Gidan bai kai arba'in ba.

Malam Hamadu yana zaune yana kallona. Ya ce, “Ka rage tsawon takun mana. Ka yi irin na amarya.”

“Malam, mala'iku ba jandarmomi ba ne da za a yi musu wayo.”

“To ka kewaya coci sau biyu.”

“Nisa ake nufi, ba gajiya ba.”

Ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Haka Nomau ya zauna jira. Duk wanda ya raka shi yana cikin katanga, ban da Mompera da ke fita nemo mana rogo, shi ya yi arba'in ɗinsa tun washegari. Bayan Nomau an binne wasu kusa da shi, amma su mutanen taku bakwai ne, ranar ake gamawa da su. Shi kaɗai ya rage ba a tambaya ba.

Tunda akwai lokaci, sai na ga gara a yi bita. Kullum bayan la'asar nakan je in tsuguna wajen kansa in ce, “Tsoho, Ubangijinka?” In yi shiru kaɗan, in faɗa masa. Mutane suka sa ni gaba. In na wuce sai su ce, “Ma'azu, ɗalibin ya haddace kuwa?” In ce yana ƙoƙari. Mata masu shanya a kan gwandar sukan ce in gaishe shi. Akwai mutanen da ba su yi dariya ba tun ranar da aka kashe nasu, a kaina suka fara. Ban hana su ba.

Mompera ya ga abin ya yi yawa, ya sa Malam Hamadu ya fassara masa. Ya saurara har ƙarshe bai yi dariya ba. Ya cire madubinsa ya goge, ya ce duk gidan nan Nomau ne kaɗai aka ƙyale da tambaya. Sannan ya ce in ranar fita ta zo, in tafi abina, in koya masa kalmomin, shi zai tsaya ya faɗa.

Malam Hamadu ya ce, “Mompera, in ka faɗi waɗannan kalmomi uku ka shigo cikinmu fa. Sai mu nema maka wuri a mota.”

A nan ne ya yi dariya. Ni kuma na yi tunani, na ce a gode masa, amma a'a. Nomau yana cikin wannan hali, ga mala'iku biyu a kansa, sai kuma ya ji baƙuwar murya tana Hausa da harshen Faransi. Zai ɗauka na uku ne ya zo.

Wata biyar muka yi. Ran nan da safe aka ce motoci sun zo za a kai mu iyakar Kamaru. Kamyo ne, manyan motocin kaya, ba sa shiga ƙofar, sai suka tsaya a kan hanya. Mutanen gari suka taru gefe biyu, da adduna da duwatsu, suna ihu. Sojoji suka yi mana siririyar hanya a tsakiya. Babbansu ya sa aka gaya mana: a cire hula, a sunkuyar da kai, a yi sauri, kada wanda ya buɗe baki.

Na koma bayan madafa na zauna. Aka kwashe mata da yara, aka kwashe tsofaffi. Malam Hamadu ya zo da ƙunshin littattafansa a ka.

“Ma'azu, tashi. Allah ya san niyyarka. Ka faɗa a zuciya ya isa.”

“Kunnen kirkin yana ƙasa, Malam.”

“Za su kashe ka.”

“Na ce wallahi.”

Ya dube ni, ya ce mutanen Damagaram dai sai addu'a, ya wuce.

Da gidan ya zama ba kowa sai ni da Mompera da awakinsa, na tsaya a kan kabarin na ce, “Tsoho, ka shirya, yau ce.” Na fara ƙirga. Soja yana ta yi mini hannu in yi gudu. Ban yi ba, don in ka yi gudu taku yakan buɗe, lissafi ya ɓaci. Talatin da ɗaya, ƙofa. Talatin da biyu, na taka waje, karo na farko cikin wata biyar. Wani ya tofa mini yawu. Talatin da biyar. Na ga wani saurayi da ya saba shan shayin Nomau da madara biyu, yana wasa adda a kan dutse. Talatin da tara. Motar tana gabana da kamar taku goma.

Arba'in. Na tsaya, na juya, na sa hannu biyu a baki.

“Nomau ɗan Hajara! Ka natsu, sun zo. Ubangijinka Allah!”

Wurin ya yi tsit. Ina jin sun ɗauka hauka ne, ko wani asiri nake jefa musu.

“Addininka Musulunci!”

Wannan ba ya bukatar tafinta. Dutsen farko ya wuce ta kunnena. Na biyu ya same ni a baki. Na ji abubuwa kamar tsakuwa a kan harshena, na tofar. Sojan ya kama wuyan rigata yana ja, na riƙe ƙasa da ƙafa, saura ɗaya. Mompera ya fito a guje ya tsaya tsakanina da su, ya buɗe hannuwa, dutse ya fasa masa madubin. Na haɗiye jini na ɗaga murya iyakar ƙarfina.

“Annabinka Muhammadu, tsira da aminci su tabbata gare shi! In sun tambayi suna, Nomau ne, ba Ma'azu ba!”

Sojoji suka harba sama. Biyu suka ɗauke ni suka jefa cikin mota kamar buhun wake. Na faɗa kan Malam Hamadu. Motar ta tashi. Na hango Mompera yana lalube a ƙasa yana neman abin da ya rage na madubinsa. Ban ƙara ganinsa ba, ko sallama ba mu yi ba.

Malam Hamadu ya yage gefen rawaninsa ya cusa mini a baki. Can ya ce, “Ka manta alƙibla. Wasu malamai sun ce ana tambayarta.”

Na zare tsumman na ce, “Yana kwance yana kallonta.”

Ya mayar mini da tsumman.

Kwana uku muka yi kafin iyaka, ana tsayawa ana tashi. A Kamaru muka zauna sansani cikin tanti, wani lokotoro ya ɗinke mini leɓe. Daga nan aka bi da mu har gida. Na sauka Magarya ba ni da komai sai rigar jikina, mai amalanke ya rage mini hanya zuwa Yekuwa. Furar farko da na sha sai da na kulle ɗaki.

Na je gidan Nomau na gaya wa matarsa Zinaru. Ta yi kukanta, ta share ido, ta ce, “To ya amsa kuwa? Ka san halinsa.”

Na ce, “Na faɗa masa duka uku, bayan bitar wata uku. In ya faɗi, ganganci ne.”

Limamin garinmu da ya ji labari ya kira ni. Ya ce shi bai ga arba'in a littafi ba, maganar tsofaffi ce. Ya ce da masu rakiya sun juya ake zuwa, kuma a can ba hadda ke amsawa ba, aikin mutum ke buɗe masa baki. Mumini ko bai iya magana ba a duniya, Allah yakan tabbatar da shi. Wato tun ranar farko aka gama da Nomau.

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, na yarda da littafi. Amma Malam bai taɓa ganin Nomau gaban kaki ba.”

Yanzu ina Yekuwa. Ina noman gero da wake a gonar kawuna, rabi nawa, rabi na Zinaru da 'ya'yanta. Ba na zuwa ko'ina, ko kasuwar Bande sai dole. Liman ya yi wa'azi a kan maganar har sau biyu, kowa ya ce ya gamsu. Duk da haka tsofaffi huɗu sun zo mini, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ɓoye, kowanne ya ce in ranarsa ta zo in daure in zama na ƙarshe. Ɗayansu yayan liman ne. Na amsa musu duka. Ni ne dai har yau ban sami wanda zai tsaya mini ba.